Koken 'Yan Uwanmu Ma'aikatan Kamfanin Gwal: Jawabin Kwamitin Kare Haƙƙi



Mai girma shugaban ƙungiya, iyayenmu dattawa, malamai, wakilan unguwanni da suka taso daga Agege, Idi-Araba, Obalende da Mile 12, 'yan uwa maza da mata, muna yi muku barka da zuwa.

A zaman da ya gabata an ɗora wa kwamitinmu nauyin ya saurari koken wasu 'yan uwanmu da ke aiki a wani kamfanin ƙera kayan gwal da sayar da su a nan Legas, sannan ya dawo ya yi wa taro bayani. Mun zauna da su, mun ji ta bakin maƙera, da masu goge kaya, da yaran kanti, da direba, har da maigadi. Ba za mu ambaci sunan kamfanin ba, domin ƙofar sulhu ba ta rufe ba tukuna, kuma akwai waɗanda har gobe a can suke neman abinci.

Kowa ya san sunan da mutanenmu suka yi a harkar gwal a Yaba da cikin Eko. Wanda ya kafa wannan kamfani yana cikin irin waɗannan dattawa, da teburi ɗaya da sikeli ya fara. A zamaninsa ana ba ma'aikata abincin rana da kuɗin mota, da azumi a raba shinkafa, da Sallah a ba da shadda da goro. Wanda ya kwanta asibiti kamfani ke biya. Yaron kanti yana da kamasho a kan kowane giram da ya sayar, masu aiki gaban wuta da ruwan asid kuwa ana ajiye musu madara. Duk wannan babu ko ɗaya da aka rubuta a takarda. Maganar Alhaji ita ce takarda.

Da Allah Ya yi masa rasuwa, magada suka ɗauko manaja daga waje suka damƙa masa komai. Ba a zauna da kowa ba. Abincin rana aka fara yankewa, aka ce na ɗan lokaci ne. Daga nan sai kuɗin asibiti, sai goron Sallah. Kamasho ba a ce an soke shi ba, sai aka ɗaga yawan cinikin da mutum zai yi kafin ya samu, har ya kai inda ba mai iya kaiwa. A watan Disamba da jajibirin Sallah, lokacin da masu haɗa lefe suke cika kanti, ana aiki har dare, har ranar Lahadi, ba a ƙara wa kowa ko kwabo. Wani maƙeri da ya yi furfura a gidan ya shaida mana cewa yaron da aka ɗora a kansa, ɗan uwan manaja, bai iya bambanta gwal mai karat 18 da mai 22 ba sai an nuna masa hatimi.

Abin da ya fi ci musu rai shi ne yankan albashi da sunan gwal ya yi kasa. Duk wanda ya san sana'ar ya san idan aka narka gwal, aka goga shi da zarto, aka wanke, dole wani abu ya ragu. Shi ya sa ake share ƙurar wurin aiki a tara, a tace ta daga baya. Marigayi ya san da haka, yana da iyakar da yake yafewa. Yanzu kuwa duk abin da sikeli ya nuna ya ragu, a albashin maƙeri ake cirewa da farashin ranar, ƙurar kuma kamfani ne ke tacewa ya riƙe. Wato an ci kuɗin abu ɗaya sau biyu. Da wani saurayi ya ƙi yarda da lissafin, sai aka kira masa 'yan sanda, ya kwana a caji ofis, kuma har aka sake shi ba a kawo shaidar sata ba.

Domin adalci, mun ji ta bakin kamfani. Sun ce kasuwa ce ta lalace, kuma akwai gaskiya a ciki. An cire tallafin mai a watan Mayun 2023, aka saki naira a watan Yuni, dalar da gwamnati ke sayarwa a wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024. Gwal kuma a kasuwar duniya ya wuce dala 3,000 kan kowace oza a watan Maris na 2025, ya wuce 4,000 a watan Oktoba. Mai sayen sarƙa da 'yan kunne da warwaro a da, yanzu zobe ɗaya yake iya saye. Mun yarda. Amma gwal ɗin da ke ajiye a kanti shi ma darajarsa ta ninka, kuma a cikin wannan matsin ne aka buɗe sabon reshe. Tsadar motar da ta taɓa kamfani ita ce ta taɓa ma'aikacin da ke tasowa daga Agege kullum da asuba.

'Yan uwa, a nan ne muke roƙon a ba mu hankali, domin mun lura har su masu koken sun haɗa abubuwa biyu wuri guda, wato kyauta da haƙƙi. Shaddar Sallah da buhun shinkafa alheri ne na marigayi, tun da ba a rubuta su ba zai yi wuya a tilasta wa magada su ci gaba. Amma akwai abubuwan da doka ta wajabta, ko maigida yana so ko ba ya so.

Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, sashe na 7, ta ce cikin wata uku da fara aiki dole a ba ma'aikaci takarda mai ɗauke da irin aikinsa, da albashinsa, da lokutan aiki, da sharuɗɗan sallama. A cikin duk waɗanda muka zauna da su ba mu ga mai irin wannan takarda ba. Sashe na 5 ya hana cin ma'aikaci tara, kuma ko da asara ce ta sakacinsa, ba a cire masa sai da izinin jami'in ƙwadago a rubuce. Ma'aikaci yana da hutun yini guda a kowane mako, da hutun shekara na akalla kwana 6 da albashinsa bayan ya cika wata 12, da hutun rashin lafiya har kwana 12 a shekara idan likita ya tabbatar. Wanda ya kai shekara 5 a aiki ba a sallamarsa sai da sanarwar wata guda, ko a biya shi kuɗin watan.

Mafi ƙarancin albashi tun watan Yulin 2024 naira 70,000 ne, ga wurin da ke da ma'aikata 25 zuwa sama, kuma wannan kamfani ya haura haka. Sai dai dokar ta cire waɗanda ake biya da kamasho. Shi ya sa muka gargaɗi yaran kanti kada su sa hannu a sabuwar takardar da aka raba musu, wadda za ta mayar da su 'yan kamasho zalla. Ba don Allah aka kawo ta ba.

Sai maganar fansho, wadda ita ce mafi muni. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya sa kashi 8 cikin ɗari, kamfani ya sa kashi 10, a tura asusun ma'aikaci cikin kwanakin aiki 7 bayan biyan albashi. An daɗe ana cire wa waɗannan bayin Allah nasu kason. Da ɗayansu ya je ya duba asusunsa, sai ya tarar an daɗe ba a zuba komai ba. Wannan ya wuce rashin iya shugabanci, cin amana ne. Haka nan dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa kamfani biyan kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashi ga hukumar NSITF, domin wanda ya ji rauni a bakin aiki, irin ƙunar wuta ko ta asid, ya samu magani da diyya. Batun caji ofis kuwa, dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan rikicin kwantiragi ko bashi kawai.

To, me ya sa aka yi shekaru ana wannan ba wanda ya yi magana? Laifinmu ne mu ma, sai mu faɗa. Muna jin kunyar neman takarda a hannun ɗan uwa, muna ganin kamar zargi ne. Alhali Alkur'ani da kansa ya umarce mu da rubuta bashi. Amanar baki tana tafiya ne da mai ita, ranar da ya kwanta dama magada ba su san an yi ba. Na biyu, tsoro. An ce manajan yakan faɗa musu cewa kullum tirela na sauke matasa daga Arewa, wanda bai so ya kama hanya. Muna tunatar da kowa cewa sashe na 41 na Tsarin Mulki ya ba kowane ɗan Nijeriya damar zama duk inda ya so a ƙasar nan, sashe na 42 kuma ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila ko asalin gari. Dokar ƙwadago ba ta tambayar takardar shaidar ƙaramar hukuma. Bugu da ƙari, Yarbawa da Ibo da ke aiki a gidan su ma abin da ake yi musu ke nan, saboda haka mun shawarci namu su tafi tare da su, kada a mayar da maganar ta ƙabila.

Ga abin da kwamiti ya tsayar. Dattawa uku za su sami babban ɗan marigayi, shi da kansa ba manaja ba, da buƙatu a rubuce: a ba kowa takardar aiki, a mayar da kuɗin da aka yanke, a zuba bashin fansho. Idan wata guda ya wuce ba amsa, za mu kai maganar ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da hukumar fansho ta PenCom, ko cibiyar sasanta jama'a ta gwamnatin Jihar Legas, inda ba a biyan kuɗi. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa da ke Ikoyi tana nan idan duk wannan ya ci tura, kuma wani lauya ɗan ƙungiya ya ɗauki alkawarin tsayawa.

Kafin nan, duk wanda abin ya shafa ya tattaro abin da ke hannunsa, katin shaidar aiki, saƙon banki na shigar albashi, lambar asusun fansho, ko da hoton littafin sa hannu ne, ya kawo wa sakatare ranar Lahadi bayan La'asar. Wanda ba ya iya rubutu ya zo haka nan, akwai masu rubuta masa. Kuma kada kowa ya ajiye aiki cikin fushi kafin dattawa su dawo.