Yaron da ba ya zama wuri ɗaya: ciwo ne, ko ƙuruciya?



 An ce in yi magana a kan yaran lakol waɗanda ake cewa ba su ji. Na karɓa ne domin da yawanku kun riga kun zama mushe ko madam a wani kalas, wasunku na ba yaran unguwa darasin yamma, wasu kuma aure ya kusa. Ko ta ina aka bi, wannan yaro zai zo hannunku.

Kowane kalas yana da irinsa. Mushe na rubutu a allo, shi yana ƙarƙashin tebur. An ce a buɗe kaye, nasa ya ɓata tun jiya. Ba a gama tambaya ba ya ba da amsa, kuma ba ita ba ce. A nan muna da sunayen da muke ba shi: mai ƙiriniya, mai kunnen ƙashi, daƙiƙi. Maganinsa kuwa kun sani, bulala. A Amurka da Turai wata hanya suka bi, suna kai shi wurin likita, a ba halinsa suna, sau da yawa kuma a rubuta masa ƙwaya. Sunan a Faransanci TDAH, Amurkawa na cewa ADHD, ma'ana ƙarancin natsuwa tare da yawan motsi.

Ku ji yadda lissafin ya hau. Hukumar kula da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce a 2003 yara kusan miliyan 4 da dubu 400 ne likita ya taɓa cewa suna da wannan matsala. A 2022 sun kai miliyan 7, wato wajen yaro 1 cikin 9, kuma kusan rabin masu ita suna shan magani. Galahanga ma haka: a shekara ta 2000 an ƙirga yaro 1 cikin 150 daga cikin ƴan shekara 8, a 2020 ya zama 1 cikin 36. A Faransa, wadda littattafanta ne likitocinmu da malamanmu suka fi karantawa, wata majalisar ba gwamnati shawara kan iyali da yara ta fitar da rahoto a watan Maris na 2023, ta ce tsakanin 2014 da 2021 shan irin wannan magani a wurin yara ya ƙaru da kusan kashi 78 cikin 100.

To, ƙwaƙwalwar yara ce ta lalace cikin shekara 20? Wani ɓangare na hauhawar alheri ne: da ba a ganin yaran, yanzu ana ganinsu, musamman ƴan mata, waɗanda ba su tsalle-tsalle, sai dai hankalinsu ya tafi wani wuri suna zaune shiru. Wani ɓangaren kuma ma'aunin ne aka faɗaɗa. Babu gwajin jini, babu hoton kai da ke nuna TDAH. Likita na tambayar iyaye da malami ne, ya duba jerin alamomi a wani littafi na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka. Da, littafin ya ce sai alamomin sun bayyana kafin shekara 7. A 2013 aka mayar da shi 12. Mudu ya ƙara girma, dole abin da yake ɗauka ya ƙaru.

Amma akwai wani bincike da nake so ku tafi da shi gida, ko kun manta sauran. A jihohi da dama na Amurka, yaro ba ya shiga ajin farko sai ya cika shekara 5 kafin ranar 1 ga Satumba. Ke nan wanda aka haifa a ƙarshen Agusta zai shiga yana ƙaramin kowa, wanda aka haifa a farkon Satumba kuwa sai ya jira baɗi, ya shiga yana babban kowa. Aji ɗaya, malami ɗaya, amma kusan shekara guda a tsakaninsu. Masu bincike na jami'ar Harvard suka duba takardun yara sama da dubu 400, suka buga sakamakon a 2018. Ƴan Agusta sun fi ƴan Satumba samun wannan suna da kusan kashi 30 cikin 100, sun kuma fi su shan magani. A jihohin da ba su da wannan doka ta 1 ga Satumba, ba a ga bambancin ba. Watan Agusta ba ya sa ciwo, ƴan uwa. An gwada ɗan shekara 5 da ɗan shekara 6 ne, aka ga ba ya zama kamar yayansa, aka kira ƙuruciyarsa ciwo.

Ku ɗauko wannan ku kawo CI ɗinmu. Can wata 11 ne ya ruɗa malamai da likitoci. Mu nan a benci ɗaya za ka tarar da ɗan shekara 6 da ɗan shekara 9, wani ma takardar haihuwarsa daga baya aka yi ta a kotu, aka ƙiyasta shekarun da ido. Sannan a ce duka su naɗe hannu su yi shiru tun ƙarfe 8, a rumfar zana, cikin zafin Afrilu, ana yi musu magana da harshen da ba a yi a gidansu. Yaron da ya yi wata uku yana jin Faransanci kamar ƙarar injin niƙa, in ya fara tsokanar na kusa da shi, ni dai ba zan yi saurin cewa kansa ne da matsala ba.

Kada wani ya fita daga nan ya ce na ce ciwon ƙarya ne. Akwai shi. Akwai yaron da ko an rage ajin ya koma mutum goma, ko an koyar da shi da Hausa, ko ya ƙoshi ya yi barci, ba zai iya riƙe hankalinsa a kan abu ɗaya ba, a gida haka, a makarantar allo haka, a wurin wasa haka. Yakan bi jini a dangi. Ba tarbiyya ce ta gaza ba, kuma duka ba ya cire shi, sai dai ya ƙara masa tsoro da ƙin karatu. Irin wannan yaro magani na taimaka masa ƙwarai.

Maganin kuwa abin mamaki ne, domin mai ƙara kuzari ne, ba mai sa barci ba. A 1937 wani likita a Amurka, Charles Bradley, ya ba yara 30 wani nau'in amfetamin saboda ciwon kai, sai malamansu suka ga wajen rabinsu sun duƙufa ga karatu. Wanda aka fi sani yau, Ritaline, an haɗa shi a 1944 a Suwizalan, mai haɗa shi ya sa masa sunan matarsa Rita. Yana ƙara yawan wasu sinadarai da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke aika saƙo da su, sai yaro ya iya tsayar da hankali na wasu awoyi. In ya sake shi, halin ya dawo. Yana rage cin abinci, yana hana wasu barci, yana ƙara bugun zuciya, yana iya rage saurin tsawo kaɗan. Wani babban bincike da aka buga a 1999 a kan yara 579 ya nuna cewa cikin wata 14 masu shan magani sun fi waɗanda aka bi da horo kawai samun sauƙi. Da aka sake duba su bayan shekara 3, tazarar ta kusa ɓacewa. Shi ya sa a Faransa ba a ba yaron da bai kai shekara 6 ba, ƙwararren likita ne ke fara rubuta shi, kuma takarda ɗaya ba ta wuce ta kwana 28. Likitocin yara na Amurka su ma sun ce ga ƙananan yara a fara da koya wa iyaye yadda za su bi da su.

Abin da ya sa na ja wannan zance, mu ƙasa ce da ake sayen ƙwaya a kan tire a bakin tasha. Kun ga abin da tramol ya yi wa samari. Yanzu kuma ga waya a hannun kowa, uwa za ta ga bidiyo na minti ɗaya a Facebook ko TikTok, a lissafa mata alamomi biyar, ta ce wallahi ɗana ne. Ba za ta sami Ritaline a wurin mai talla ba, amma za ta sami abin sa barci, kuma shi mai tallar ba zai ce babu ba. Yaro ya yi laƙwas, gida ya yi shiru, a ce an dace. Alhali an kashe masa rana ne kawai. Duk wanda ya ga ana haka a gidansu, ya yi magana, cikin ladabi amma ya yi.

Kafin a kai ga sunan da aka ƙirƙira a Amurka, akwai abubuwan da ƙasarmu ta fi kowa saninsu, kuma kowannensu na iya sa yaro ya zama kamar marar natsuwa. Zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, har yaro ya suma ko ya yi jijjiga, yakan bar wa wasu tabo a wajen riƙe karatu da kame kai bayan sun warke. Sanƙarau, wanda ba mu manta da ɓarnarsa ta 2015 a Yamai ba, yakan tafi da ji, wani lokaci kunne ɗaya kawai, sai a yi shekaru ana cewa yaro ba ya ji, ashe maganar gaskiya ce ba zagi ba. Akwai ƙarancin jini. Akwai yunwar safe. Akwai ido da ba ya hango allo. Akwai wata irin farfaɗiya wadda ba a faɗuwa: yaro zai ƙura ido na daƙiƙa goma, bai san inda yake ba, sannan ya dawo, sau da yawa a rana ɗaya. Wannan tana da maganinta a asibiti, amma sau nawa aka ce iska ce, ko iskanci? Maƙwabtanmu na Zamfara kuma sun ga gubar dalma a 2010, daga niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje. Yara sama da 400 suka rasu, kuma dalma na taɓa ƙwaƙwalwar waɗanda suka tsira. Sai kuma yaron da aka taso daga garinsu cikin dare saboda ƴan bindiga. Wannan in ya zabura don an rufe ƙofa da ƙarfi, ba ƙiriniya ba ce.

Galahanga kuwa bari in taɓa ta a gurguje, don lokaci. Yaron da ya kai shekara 2 ba ya haɗa ido, ba ya juyowa in an kira sunansa, ba ya nuna abu da yatsa, a kai shi a duba, a fara da kunne. Babu ƙwayar da ke warkar da ita, abin da ke taimako shi ne a gane da wuri a fara koya masa magana da mu'amala. Za ku ji ana cewa allurar rigakafi ce ke kawo ta. Maganar ta samo asali ne daga wani rubutu na 1998 a Ingila a kan yara 12. An gano akwai maguɗi a ciki, mujallar ta janye shi a 2010, aka kuma soke lasisin likitan. A Danmak an bi yara sama da dubu 650, ba a ga wata alaƙa ba. Ƙyanda kuwa tana nan tana kisa, kada ku bari a hana ƙannenku allura da wannan zance.

Ga ku masu koyarwa, abin da nake roƙo ba ya cin ko dala. In yaro ya dame ka, matso da shi gaba kusa da allo. Ba shi umarni ɗaya, in ya gama ka ba shi na biyu. Shi za ka aika ya goge allo, ya raba kaye, ya ɗebo ruwa, tunda jikinsa motsi yake nema. In ya yi minti biyar a zaune, ka faɗa a gaban kowa, domin irinsu sun saba jin sunansu ne kawai in an yi laifi. Ka tambayi shekarunsa na gaskiya wurin uwarsa, ba na takarda ba. Ka tsaya bayansa ka kira shi a hankali, ta dama sannan ta hagu, ka ga ko zai juyo.

In an yi duk wannan wata biyu ko uku babu canji, sai ka sami iyayen. Kada ka ce musu ɗansu na da TDAH, wannan ba aikinka ba ne, ba kuma nawa ba. Ka rubuta abin da ka gani a takarda: me yake yi, a wane lokaci, tun yaushe, a gida ma haka yake ko a lakol kawai, ya taɓa suma ko jijjiga. Su tafi da ita CSI, a gwada jini, a duba kunne da ido, in da buƙata a tura su wurin likitan yara a babban asibiti. Wanda ya iya, ya raka su, domin uwa da yawa in ta shiga gaban likita kunya ke hana ta faɗin rabin abin da ta sani.

Na ga shugaba na duba agogo. Sauran sai a wurin tambayoyi.