Al'ada da Kwanon Yaro: Jawabi ga Uwaye da Wakilan Garuruwa na Madarunfa



Hausawa na cewa kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Haka abinci yake: abin da uwa ke zuba wa ɗanta, galibi al'adar da ta taso a ciki ce ke zaɓa mata. A Indiya ana cin shinkafa da miyar dangin wake. A Meziko masara da wake ba su rabuwa. A Senegal kuwa shinkafa da kifi ake alfahari da su. Hikimar guda ce: hatsi na cika ciki, amma sai an haɗa shi da abinci mai gina jiki yaro ke girma yadda ya kamata.

Mu ma Allah bai hana mu ba. Muna da gero da wake da gyaɗa, ga zogalen Jiratawa, ga kifin tabkin Madarunfa, ga ƙwan zabi da damina. Duk da haka, yara da yawa kan wuni da tsinkakken kunu ko hura mai ruwa.

Wani lokaci rashi ne, wani lokaci kuma al'ada ce. Ana hana yaro ƙwai, wai zai zama ɓarawo, sai a kai ƙwan kasuwa. Ana zubar da dakashi, nonon farko, wai ƙazanta ne, kamar yadda ake yi a wasu yankunan Indiya, alhali shi ne rigakafin farko na jariri. Ana ba jinjiri ruwa da bauri, su kuwa suna buɗe ƙofar zawo.

Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a sa jariri ga nono cikin awa guda da haihuwa, a ba shi nono zalla har wata 6, sannan a ƙara abinci, a ci gaba da shayarwa har shekara 2, wanda ya dace da koyarwar addininmu. Daga wata 6, yaro na bukatar aƙalla rukuni 5 cikin rukunan abinci 8 kowace rana. Nonon uwa, da kunu mai kauri da aka sa wa garin ƙuli-ƙuli da garin zogale, da dafaffen ƙwai guda, sun cika biyar.

Ku wakilai, kada ku tsaya ga uwa kaɗai. Kaka ce ke riƙe da al'ada, mai gida ke riƙe da kuɗin cefane. Ku zauna da su cikin ladabi, ku yaba abin da yake mai kyau kafin ku nemi gyara. In abin awon dantse ya nuna ja, ko ƙafafun yaro biyu suka kumbura, a kai shi likita a ranar.

Allah ya raya mana zuri'a, ya ba mu damina mai albarka.