Karatu Mai Zurfi da Riƙon Jama'a: Jawabi a Bikin Cika Shekara Ɗari na Sarautar Kalfu

  

 

Ba ni aka ɗora wa kawo jerin sarakunan da suka riƙe wannan ƙasa ba. Akwai waɗanda suka fi ni sani, makaɗan fada kuma sun riga sun sauke wannan nauyi. Abin da kwamitin biki ya nema gare ni shi ne in yi magana a kan karatun ƴaƴanmu bayan digiri na farko, da irin mutanen da fada za ta buƙata a gefenta nan gaba. Ina neman izinin Sarki in fara da wani kuskure nawa.

Ina saurayi, da sabuwar takardar shaida a hannu, aka tura ni aiki wata gunduma da ba zan ambata ba. Ban daɗe ba aka kawo mini rigimar gona tsakanin gida biyu. Na nemi takarda, babu. Na tambayi wanda ke noma ta, aka nuna mini mutumin da ya shekara fiye da ashirin yana huɗa a ciki, shaidu kuma suka tabbatar. Na rubuta rahoto cewa gona tasa ce, ina jin na yi aiki. Ashe aro ce. Kowace kaka mai noman yana kai damin hatsi ɗaya gidan masu gonar, kuma wannan damin shi ne takardar da nake nema. Kowace tsohuwa a garin ta san da shi, ni ne ban san in tambaya ba. Kafin damina ta faɗi an fasa wa wani kai, wani aure ya mutu, sai da sarkin ƙasar ya tara dattawa aka warware abin da na ƙulla. Dokar da aka koya mini ban manta ko layi ɗaya nata ba a ranar. Mutanen ne ban karanta ba.

Daga baya na ga ɗaya gefen matsalar. Na ga dattijon da ya san asalin kowace gona da kowace rijiya, ya yi sulhu mai kyau, amma da magana ta kai gaban alƙali aka ajiye sulhun gefe, domin ba a rubuta shi yadda doka ta tanada ba. Na kuma ga yaron da ya karanta tarihi har ya ƙware, aka ba shi riƙon wata ƙungiya, kasafin kuɗi na shekara ɗaya ya gagare shi.

Haɗa sanin littafi da sanin mulki tsohon abu ne a ƙasar Hausa. A ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha a kan abin da ya wajaba ga sarakuna. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, masanin nahawu kuma mawaƙi, shi ne ya wallafa Liya'ul Hukkami domin masu riƙon jama'a. Malam Jibirila ɗan Umaru, malamin Shehu Usmanu, ya zauna a wannan ƙasa tamu ta Adar. Su kansu Nasara sun gane haka: makarantar da Faransa ta kafa a Paris a 1889 domin horar da kwamandojin da za ta turo mana, ban da doka da lissafi, tana koyar da harsuna da al'adun mutanen da za a mulka. Sun karance mu domin su mallake mu, kuma a ganina abin kunya ne ɗanmu ya zo riƙon mutanensa da sanin da bai kai na baƙo ba.

Bayan samun ƴancin kai a 1960, ƙasa na gaggawar samun ma'aikata. Aka buɗe makarantar horar da ma'aikatan mulki, wato ENA, a Yamai a 1963. Karatun jami'a ya fara a 1971, aka ba jami'ar sunan Abdu Mumuni a 1992. Sai ilimin ya rabu gida biyu. Mai son tarihi, ko labarin ƙasa, ko nazarin harsuna da zamantakewa, ya ƙetare gadar Kennedy ya nufi jami'a. Mai son aikin ofis, da haraji da baitulmali, ya tsaya a wannan gaɓa ta kogi. Kaɗan ne suka sha ruwan gaɓa biyun. Marigayi Bubu Hama, wanda ya shugabanci majalisar dokoki har zuwa 1974 yana kuma tattara tarihin baka yana wallafa littattafai, da ƙoƙarin kansa ya haɗa su.

Yanzu ƙofa ta buɗe. A tsarin da jami'o'inmu ke bi, ɗalibi yana yin lisansi shekara 3, masta shekara 2, sa'an nan dakta. Mastan nan iri biyu ce, akwai ta bincike, akwai ta sana'a, wadda a cikinta ake tura ɗalibi ya yi watanni yana koyon aiki a ma'aikata kafin ya rubuta kundinsa. Ke nan wanda ya yi lisansi a tarihi ko nazarin zamantakewa yana iya ɗora karatun gudanarwa a kai, ya koyi tsara aiki, da riƙon kuɗi, da jagorancin taro, da rubuta takardar da hukuma za ta karɓa. A Iskandariya ta ƙasar Masar akwai Jami'ar Senghor, wadda aka buɗe a 1990 domin ma'aikatan ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci. Mastarta ta raya ƙasa tana da sashen al'adu da sashen gudanarwa ƙarƙashin rufi ɗaya. A Yamai akwai cibiyar bincike ta LASDEL, da aka kafa a 2001, wadda masananta ke zama cikin ƙauyuka da asibitoci da ofisoshi suna duba yadda ake aiki a zahiri, har da yadda sarauta da ƙananan hukumomi suka zauna da juna bayan zaɓen 2004. Wanda ya iya Ingilishi kuwa, ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Ga kuma tamu a Tawa, da aka kafa a 2010, mai tsangayar shari'a da tattalin arziki da gudanarwa. Ku dubi sunan da aka raɗa mata: Jibo Hamani, masanin tarihi, wanda littafinsa na 1975 a kan Adar kafin zuwan Turawa ya bi diddigin yadda Agabba, ɗan Sarkin Abzin, ya ci wannan ƙasa a 1674, da yadda sarautar Adar ta kafu. Ina fata ɗaliban da ke koyon lissafin kamfani a ƙarƙashin wannan suna za su buɗe littafin ko sau ɗaya.

Ranka ya daɗe, abin da ya sa maganar ta shafi fada shi ne, aikin sarki ya sauya. Tun da aka kafa dokar karkara a 1993, aka samar da hukumomin filaye da muke kira Kofo tun daga ƙauye, mai gari ne ke shugabantar ta ƙauyensa. Saye da kyauta da gado, da aro da haya da jingina, kowanne da irin takardarsa. Dokar sarauta ta 2015 ta bar wa sarki ikon sulhu a al'amuran gargajiya, amma sai an rubuta, ko an daidaita ko ba a daidaita ba, kuma da wannan rubutu ake zuwa gaban alƙali. Wa zai rubuta? Idan wanda bai san bambancin aro da jingina a bakin mutanen Adar ba ne, zai mai da aro saye da alƙalami ɗaya, jikoki su gaji gaba. Ƙasa kuma ba ta ƙaruwa, mu ne ke ƙaruwa. Burtali yana ƙanƙancewa, mashaya tana komawa lambu, kowace shekara ranar sakin gonaki tana zuwa da zullumi. Maƙwabtanmu na Keita sun ga abin da ya biyo aikin farfaɗo da ƙasa da aka fara a 1984: faƙon da ba wanda ya kula da shi, ran da ya yi ciyawa sai ya sami masu shi da yawa. Injiniya ya iya tare ruwa, amma ba aikinsa ba ne ya san kakan wa ya fara sassabe. Manyanmu ba su manta Toda ba, a jihar Maraɗi, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100 a 1991. Allah ya kiyaye mu da ganin irinsa.

Na san abin da iyaye ke faɗi, domin an faɗa mini a zaurena: tarihi ba ya cika rumbu, gara yaro ya bi ƴan uwansa cin rani Abijan ko Libiya ya aiko da abin sayen buhu. Ba zan raina wannan magana ba, don kuɗin ƴan cin rani ne ke riƙe da gidaje da yawa a Adar idan damina ta yi gardama. Gaskiya ne kuma akwai masu lisansi da ke zaune ba aiki. Sai dai na lura, wanda ya tsaya a rabin hanya shi ya fi zama. Ma'aikatu da ƙungiyoyin raya karkara suna neman wanda zai zauna a kan tabarma da dattawa da safe, ya fahimci abin da suka faɗa da wanda suka ƙi faɗa, da maraice ya mai da shi rahoto da lissafi.

Saboda haka ina da roƙo. Fada ta buɗe ƙofarta ga ɗaliban da ke neman abin da za su rubuta kundi a kai: a ba su dattijon da zai zaga da su iyakokin gonaki da burtuloli da tsofaffin rijiyoyi, a naɗi muryarsa tun yana da rai. Wata Bafaransa, Nicole Échard, ta yi shekaru tana wannan aiki a ƙauyukan Adar; babu dalilin da zai hana ƴar Kalfu ta yi, ita da ba ta buƙatar tafinta, kuma tana shiga cikin gida inda namiji ba ya shiga. A sharɗanta wa kowane ɗalibi ya ajiye kwafi ɗaya a fada, tare da taƙaitawa da Hausa da za a karanta a gaban waɗanda suka ba shi labarin, su gyara masa inda ya kauce.

Ga ƴan kasuwarmu da ma'aikatanmu na waje kuma, masta shekara 2 ce kawai. Idan kuka haɗa hannu kuka ɗauki nauyin yaro ɗaya da yarinya ɗaya kowace shekara, aka damƙa zaɓensu ga kwamitin da ba ya duba ɗan wane ne, cikin shekara 11 Sarki zai waiwaya ya ga mutum 20 da zai iya aika. Ni na yi alkawarin duba kundin duk wanda ya kawo mini, muddin ido na gani.

Allah ya jiƙan sarakunan da suka gabata, ya ƙara wa Sarki lafiya da adalci, ya ba mu damina mai albarka, ya mai da baƙinmu gidajensu lafiya.