Sigarin Lantarki Da Yaranmu: Jawabi Ga Magidanta Da Masu Tireda

 

Jama'a, maganar yau a kan sigarin lantarki ce, wadda yara ke kira vape. Wata kamar biro take, wata kamar filas na kwamfuta. Tana da batir a ciki da ke dafa wani ruwa ya zama tururi, a zuƙa. Akasarin ruwan nan yana ɗauke da nikotin, sinadarin da ke sa mai shan taba ya kasa dainawa, sai a haɗa shi da ƙamshin mangwaro ko kankana ko na'ana'a. Shi ya sa uwa za ta wanke kayan makarantar ɗanta ba ta ji warin taba ba. Likitoci kuwa sun nuna ƙwaƙwalwar mutum ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, kuma nikotin yana taɓa ta kafin nan.

To, me doka ta ce? Dokar taƙaita shan taba ta ƙasa, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a 2015, ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 taba, ta hana sayar da sigari kara ɗaya-ɗaya, ta kuma hana cinikinta ta intanet. Sai dai taba ta ganye ta fi mayar da hankali a kai, kuma da wannan masu shigo da ta lantarki suke fakewa. Wasu ƙasashen sun fito fili. Indiya ta haramta ƙera ta da shigo da ita da sayar da ita tun 2019. Birtaniya ta hana sayar da irin wadda ake sha a jefar daga 1 ga Yuni, 2025. Amma a Indiyar ma ana samunta a ɓoye, domin takarda ba ta tsare kasuwa sai da masu bin sawu.

A nan ne abin ya shafe mu. Daga Agege zuwa Sabon Ibadan, 'yan'uwanmu da yawa ke riƙe da tireda a bakin layi da kusa da makarantu. Duk ranar da aka fara kame, da wuya a je wurin babban dillalin da ya shigo da kaya ta tashar jirgin ruwa. Mai ƙaramin tebur za a fara ɗauka, sannan a ce Hausawa ne ke lalata yaran gari. Sunan da kakanninmu suka gina da goro da shanu ya fi ƙarfin ribar kwali ɗaya.

Don haka muna roƙon masu tireda kada su karɓi wannan kaya daga dillali, ko da bashi ya ba su. Yaron da aka aiko sayen taba a mayar da shi, ko ɗan wane ne. Idan jami'ai suka zo, haƙƙinku ne ku nemi ganin katin shaidarsu cikin ladabi, ku nemi a rubuta abin da aka ɗauka. Kada a ba da cin hanci, kada a yi gardama. A sanar da ofishin ƙungiya ko fadar Sarkin Hausawa nan take.

Iyaye mata kuma, a riƙa leƙa jakar makaranta. In an ga abin, a kawo shi ga mai unguwa tare da bayanin inda aka saye shi, mu je mu sami mai shagon.