Namun Daji a Allon Sinima

Yau za mu waiwayi wani irin fim wanda ya daɗe yana cika gidajen sinima, watau wanda ake nuna naman daji ya tasam ma ɗan Adam. Irin wannan wasa tsoho ne. Tun 1933 aka yi King Kong, a 1963 kuma Alfred Hitchcock ya sa tsuntsaye suka far wa wani ƙaramin gari a Kalifoniya. Amma wanda ya buɗe kasuwar sosai shi ne Jaws, wanda ya fito a Amurka ran 20 ga Yuni, 1975.

Labarin gajere ne. Wani ƙaton kifin shak ya shiga cin mutane a gaɓar wani tsibiri inda ake zuwa hutu. Shugaban 'yan sanda ya ce a hana wanka a teku, magajin gari ya ƙi, domin da kuɗin baƙi garin yake ci. Sai da aka ƙara hasarar rayuka sa'an nan mutum uku suka shiga jirgin ruwa suka bi sawun kifin.

Steven Spielberg yana da shekara 27 sa'ad da ya ɗauki fim ɗin. An ƙera masa kifayen inji guda uku, kowanne tsawonsa wajen ƙafa 25, amma ruwan gishiri ya yi ta lalata su. Da ya rasa yadda zai yi, sai ya ɓoye kifin. Ya sa na'urar ɗaukar hoto a ƙarƙashin ruwa tana hangen ƙafafun masu iyo, ya nuna ganguna masu ruwan ɗorawa suna gudu a kan teku, John Williams kuwa ya haɗa masa wani kiɗa mai amo biyu kacal, wanda yake ƙara sauri in ajali ya matso. Sai an wuce sa'a guda kafin mai kallo ya ga kifin sosai. Duk wanda ya taɓa jin tatsuniya da dare ya san wannan dabara: Dodon da ba a siffanta ba ya fi kowanne ban tsoro, don zuciyar mai ji ita ke ƙera shi.

Fim ɗin ya tara kuɗin da babu wanda ya taɓa tara irinsu kafinsa. Nan da nan masu kwaikwayo suka yi caa: Grizzly a 1976, Orca a 1977, Piranha da The Swarm a 1978. Galibinsu an manta da su, kuma a ganina ba a yi hasarar kome ba.

To, ina gaskiyar lamarin? A duniya duka, mutanen da kifin shak yake kashewa a shekara ba kasafai suke wuce goma ba. Mutane kuwa, bisa ƙiyasin masana, suna kashe kifin shak wajen miliyan 100 a kowace shekara. Ba daidai ba ne a ɗora wa fim wannan ɓarna duka, gama babban dalilinta shi ne su na kasuwanci da cinikin fikafikan kifin. Amma fim ya cire wa mutane tausayin dabbar, kuma abin da ake tsoro da wuya a sami mai kare shi. Peter Benchley, wanda ya rubuta littafin a 1974, ya ƙare rayuwarsa yana fafutukar kare kifin shak har ya rasu a 2006. Spielberg ma ya faɗi nadamarsa a fili a 1922 da ɗari, watau a 2022. Sauro kuwa, wanda zazzaɓinsa yake kashe mutum wajen 600,000 a shekara, akasarinsu a Afirka, ba ya cika gidan sinima.

Akwai labarin da ya faru da gaske, amma shi ma bai tsira daga ƙari ba. A 1898, sa'ad da Ingilishi suke gina gadar jirgin ƙasa a kan kogin Tsavo a Kenya, waɗansu zakoki biyu suka riƙa jan leburori daga tantunansu da dare, har aiki ya tsaya. Injiniya John Henry Patterson ya harbe su a watan Disamba, daga baya ya ce mutum 135 suka ci. A 2009 masana suka gwada gashinsu da ƙasusuwansu, suka ce adadin wajen 35 ne. An kuma gano cewa ɗaya daga cikinsu yana fama da mugun ciwon haƙori, abin da zai sa farautar ɓauna ta yi masa wuya.

Da aka mai da labarin fim a 1996, The Ghost and the Darkness, sai aka ƙago wani maharbi Ba'amurke wanda babu shi a tarihi, aka kuma kawo zakoki masu cikakkiyar geza, alhali zakokin Tsavo ba su da geza. Su na ainihin suna nan a gidan tarihi na Field a birnin Shikago. Ba su kai girmansu na da ba, domin fatunsu sun yi shekara wajen 25 a shimfiɗe a ɗakin Patterson ana takawa, kafin a saya a ɗinke su.