Kirci Mai Naci: Abin Da Za Mu Iya Yi A Gida



Kowa ya san yadda Bauchi take daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Hunturu ya busa, leɓe ya tsage, kaushi ya fito. A lokacin ne kirci yake tasar wa yaranmu, musamman a lanƙwasar hannu da bayan gwiwa da wuya, jarirai kuma a kumatu. Yaro ya kwana yana susa, uwa ta kwana ba barci. To, a kan wannan za mu ɗan yi magana yau.

Da farko, kirci ba ƙazuwa ba ne, ba kuma makero ba. Ba a ɗaukarsa, saboda haka kada a ware yaro ko a hana shi makaranta. Asalinsa fata ce da ba ta iya riƙe damshi. In ta bushe sai ƙaiƙayi, in an sosa ta fashe, ƙwayoyin cuta su sami hanya. Yakan bi jini, sau da yawa tare da asma.

Abin da muka saba shi ne a ruga kemis a sayo irin su Funbact-A ko Skineal. Waɗannan duk suna da sitiroyid a ciki, haka ma da yawa daga mayukan bilicin. Kwana uku ka ga fata ta yi sumul, ka daina ya dawo, ka koma saye. Wata da watanni a haka, fata ta yi siriri, ta yi nankarwa, ta yi dabbare-dabbare. A jikin jariri kuwa maganin har jini yake shiga. Ba wai sitiroyid guba ba ne. In likita ya zaɓi mai sauƙi, ya yanke kwanaki, yana da amfani ƙwarai. Shafawa da ka ita ce ɓarnar.

Babban magani, jama'a, shi ne mai. Basilin fari marar ƙamshi, ko man kaɗanya tsantsa irin wanda ake samu a kasuwar Muda Lawal ko Wunti, ko man kwakwa. A ƙasar Filifin an gwada man kwakwa a jikin yara masu kirci, sakamakon da ya fito a 2014 ya nuna ya taimaka. Man zaitun kuwa, duk da darajarsa, binciken Ingila na 2013 ya nuna yana raunana fata, sai a bar shi a abinci. A shafa mai aƙalla sau biyu a rana, ko da jiki ya yi kyau. Sabon mai a fara gwada shi a ɗan wuri tukuna.

Wanka kuma da ruwa mai ɗumi-ɗumi, ba mai ƙuna ba, minti 5 zuwa 10. Ban da dirza da soso, ban da sabulu mai ƙamshi ko zuba Dettol. A dangwale jiki da tawul, a shafa mai cikin minti 3 tun da sauran lema. Tufafi na auduga, a ɗauraye su sosai bayan wanki. A yanke farce. In ƙaiƙayi ya tsananta da dare, a shafa mai, a naɗa tsumma mai damshi, a ɗora busasshe a kai. Mata, don Allah a nisanta humra da turaren wuta daga jikin yaron.

Sannan muna roƙo, a bar goga lemun tsami, tafarnuwa, toka ko kanwa. Ƙona fata suke yi.

Akwai man asibiti marar sitiroyid, wato takurolimus, wanda Amurka ta amince da shi a 2000. Likita ne ke rubuta shi, ba a kuma ba yaron da bai kai shekara 2 ba.

In wurin ya fara tsiyayar ruwa, ko ɓawon rawaya, ko ƙuraje masu zafi da zazzaɓi, to an wuce gida. A tafi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ko asibiti mafi kusa, a riƙe duk mayukan da aka taɓa shafawa a nuna wa likita.

Kirci ciwo ne na haƙuri, yara da yawa kan rabu da shi in sun girma. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.