Rushe Shari'a da Ɗaukaka Ƙara a Kotunan Ghana: Abin da Ya Kamata Mutanen Zango Su Sani

Takardar da aka gabatar a taron wayar da kan jama'a game da harkokin shari'a, Zangon Kumasi

 

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwa kotu a Adum ya san maganar da ake yi a bakin ƙofa in an yanke hukunci: "Ba komai, za mu yi afil." Daga nan sai a koma Aboabo ko Asawase ko Sabon Zango a shiga karo-karon kuɗin lauya. Sau da yawa abin da ke ƙona ran dangi shi ne sun ga an yi kuskure a gaban idonsu, lauya ya roƙi alƙali ya rushe shari'ar a sake ta daga farko, alƙali ya ƙi. A ganinsu wannan kaɗai ya isa babbar kotu ta saki ɗansu. Wannan takarda za ta nuna cewa lamarin ya fi haka wuya, kuma nasarar afil, wato ɗaukaka ƙara, tana rataye ne a kan abin da aka yi tun a kotun farko.

Mene ne rushe shari'a?

Rushe shari'a shi ne alƙali ya dakatar da ita kafin hukunci, saboda wani abu ya ɓata ta har ba a sa ran adalci. An fi ganin haka a shari'ar da ake yi da juri, wato mutanen gari da ake rantsarwa su saurari shaidu su faɗi ko an yi laifi ko ba a yi ba. A Ghana mutum 7 ne. Sashe na 19 na Kundin Tsarin Mulki na 1992 ya wajabta juri a laifuffukan da hukuncinsu kisa ne ko ɗaurin rai da rai, in ban da cin amanar ƙasa. 'Yan'uwanmu da suka saba da kotunan Najeriya su lura da wannan bambanci, don can alƙali ne kaɗai ke yanke hukunci.

Abubuwan da kan jawo roƙon rushewa sanannu ne: a kama ɗan juri yana hulɗa da wani ɓangare, ko shaida ya furta wa juri abin da doka ta hana su ji, kamar tsohon laifin wanda ake tuhuma, ko mai gabatar da ƙara ya yi abin da bai dace ba, ko juri su kasa haɗa baki.

Misali na farko: an roƙa, an hana

A shekarar 2024 ƙasar nan ta ga misali a fili. Ana tuhumar Dakta Cassiel Ato Forson, shugaban marasa rinjaye a majalisa a lokacin, tare da ɗan kasuwa Richard Jakpa, da jawo wa gwamnati asarar Yuro miliyan 2.37 wajen sayen motocin ɗaukar marasa lafiya. Ana cikin shari'a sai aka fito da muryar da aka naɗa ta wata hira tsakanin Jakpa da Antoni Janar na lokacin, Godfred Yeboah Dame. Lauyoyin Forson suka ce ruwa ya riga ya gurɓata, a rushe shari'ar. A watan Yuni na 2024 Mai Shari'a Afia Serwah Asare-Botwe ta Babbar Kotun Accra ta ƙi amincewa, sai dai ta shawarci Antoni Janar ya janye jikinsa daga gudanar da ƙarar da kansa.

Abin lura shi ne yadda aka ƙare. Ranar 30 ga Yuli, 2024, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta wanke mutanen biyu da rinjayen alƙalai 2 a kan 1. Amma ba don an hana rushewa ta wanke su ba. Ta ce ne tun farko hujjojin gwamnati ba su kai a ce su kare kansu ba. Ƙofar da aka yi ta bugawa a rediyo da Facebook ba ita ta buɗe ba. Ƙofar raunin hujja ce ta buɗe.

Misali na biyu: an sake, an daɗe

Wasu na ɗauka rushewa daidai take da sallama. Shari'ar Gregory Afoko ta isa ta gyara wannan fahimta. An kama shi a 2015 bisa zargin kashe Alhaji Adams Mahama, shugaban jam'iyyar NPP na yankin Upper East, wanda aka watsa wa ruwan asid a Bolgatanga. A farkon 2019 gwamnati ta janye ƙarar don ta haɗa shi da Asabke Alangdi, wanda aka kamo daga Kodebuwa, aka faro daga tushe. A Afrilu na 2023 juri suka rabu, 4 na cewa Afoko bai yi ba, 3 na cewa ya yi. Tunda a lokacin a laifin kisa sai baki ya zo ɗaya, kotu ta ba da umarnin a sake shari'arsa. Sai a Fabrairu na 2025 ya samu beli, bayan kusan shekara 10 a tsare. Saboda haka kafin lauya ya roƙi rushewa, ya zauna da wanda yake karewa su auna: sabuwar shari'a na iya nufin ƙarin shekaru a gidan yari, shaidu su mutu ko su yi ƙaura, dukiyar gida ta ƙare.

Me kotun afil take dubawa?

Kotun afil ba ta sake kiran shaidu, sai a yanayi na musamman. Abin da ke gabanta shi ne kundin da kotun farko ta rubuta. Sashe na 31 na Dokar Kotuna ta 1993 ya ba ta ikon soke hukunci in hujja ba ta goyi bayansa ba, ko an yi kuskuren doka, ko an tauye adalci. Amma sashen nan ya kuma ce ko da mai ƙara ya yi gaskiya a kan wani kuskure, a kori afil ɗin muddin kuskuren bai jawo babbar tauyewar adalci ba.

Ke nan nauyi biyu ne a wuyan mai afil. Sai ya nuna alƙali ya kauce wa ƙa'ida da ya ƙi rushewa, ba kawai wani alƙali zai iya yin saɓanin haka ba, domin manyan kotuna suna girmama wanda ya ga fuskokin shaidu da idonsa. Sannan ya nuna cewa ɓarnar ta taɓa hukuncin. In alƙali ya gargaɗi juri su yi watsi da maganar da ta suɓuce, galibi akan ɗauka maganin ya wadatar.  Ko an yi nasara ma, kotun na da zaɓi: ta sallami mutum, ko ta mayar a sake shari'ar.

Inda abin ya fi shafar Zango

Harshen kotu Turanci ne, kuma jin Turanci sharaɗi ne na zama ɗan juri. Ɗan Zango da zai yi bayani da Hausa, ko Dagbanci, ko Fulatanci, maganarsa sai ta bi ta bakin tafinta. Hausar Zango kuwa ta sha bamban da ta Kano, ta cakuɗe da Twi da Turanci. Tafinta zai iya mayar da "na ture shi" ta koma duka, ko "ɗan'uwana" ta koma wanda kuke ciki ɗaya alhali maƙwabci ake nufi. A shari'ar kisa kalma guda tana iya raba ganganci da kuskure.

Tsarin mulki ya ba wanda ake tuhuma haƙƙin tafinta kyauta. Amma in fassara ta karkace, dangi suka yi ta gunaguni a bayan kotu ba wanda ya sanar da lauya, kundin zai nuna komai lafiya lau. Tayar da maganar a afil ihu ne bayan hari. Kunyar da aka tarbiyyantar da mu a kai, ta rashin katse babba, a nan cutarwa take yi.

Shawarwari

Na farko, a nemi lauya tun ranar kamu. Wanda ba shi da hali ya je Hukumar Taimakon Shari'a, wadda dokar 2018 ta sake wa fasali, tana da ofis a nan Kumasi.

Na biyu, kowane zama a samu wani daga dangi mai jin Hausa da Turanci, ya rubuta abin da ya ji, ya miƙa wa lauya nan take, lauya kuma ya tabbatar an shigar da ƙorafin da amsar alƙali a kundi.

Na uku, kada kowa ya kusanci ɗan juri ko shaidan gwamnati da sunan roƙo ko sulhu. Abin da muke kira ban-haƙuri a unguwa, a kotu laifi ne, yana iya ɓata shari'ar ɗanmu.

Na huɗu, wa'adin shigar da afil gajere ne. A shigar da sanarwa tun ana neman kuɗin, don neman ƙarin lokaci alfarma ce da kotu ke iya hanawa.

Na biyar, kada a dogara da dalili guda. A haɗa batun rushewa da raunin hujja, da kuskuren jawabin alƙali ga juri, da tsananin hukunci.

Kammalawa

Malamanmu sun karantar da mu wasiƙar Sayyidina Umar ga Abu Musal Ash'ari, inda ya hore shi kada hukuncin da ya yanke jiya ya hana shi komawa ga gaskiya in ta bayyana. A kan wannan tunani afil ya ginu. Sai dai alƙalan da za su koma ga gaskiyar ba su halarci zaman ba; takarda za su karanta. Aikinmu shi ne mu tabbatar abin da muka gani da abin da muka ji ya shiga takardar, a ranar da ya faru.

Allah Ya ba mu alƙalai masu adalci, Ya kuɓutar da duk wanda aka tsare bisa zalunci.